Gulmarg: Wane Faɗin Allo Dutsen Apharwat Yake So?

Mu biyu muka tashi daga Abuja a watan Fabrairu za mu Gulmarg, garin zamiyar dusar ƙanƙara da ke gindin dutsen Apharwat a Kashmir ɗin Indiya, ni da abokina wanda muka koyi zamiyar dusar ƙanƙara tare a tsaunukan Alps lokacin muna karatu a Faransa. Kowa da jakar allunansa na zamiya, tsawonta ya kusa mita biyu. Nawa masu ƙugu, wato faɗin tsakiya, milimita 108 ne, nasa kuwa 120, kuma tun kafin mu bar gida muke musu a kan wanda ya yi zaɓin da ya dace da Kashmir. Takardun da ake bukata su ne bizar Indiya da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambaya a Delhi ba wasa. Mun bi ta Adis Ababa. Wajen shirya jaka, an naɗe hancin alluna da wutsiyarsu da riguna masu kauri, an ɗaure birkin maɗaurai (maɗauri shi ke kama takalmi a jikin allo, birkinsa kuma ya tsayar da allon idan ya cire) da roba don kada ya huda jakar, takalman zamiya kuma suka shiga jakar hannu, domin allo idan ya ɓata a hanya ana iya yin hayar wani, amma takalmin da ya saba da ƙafarka ba a samunsa haya. Abu ɗaya da ba a kai shi Indiya ko kusa shi ne wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, ko ƙaramar na'urar aika saƙo ta tauraro da masu hawan dutse ke ratayawa. Doka ta hana su ba tare da izini ba, kuma an sha tsare baƙi a filayen jirgi a kansu.

Daga Delhi zuwa Srinagar tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Jiragen cikin gida kilo 15 kawai suke ba mutum kyauta, jakar alluna kuma kuɗinta daban, don haka gara a biya tun wajen sayen tikiti. Da sauka, duk baƙon ƙasar waje sai ya cike fom na inda zai sauka da ranar da zai tafi. Layin waya na kati da aka saya a Delhi yana mutuwa da zarar an shiga Jammu da Kashmir, sai na biyan wata-wata ko wanda aka yi rajistarsa a yankin.

Tsakanin Srinagar da Gulmarg kimanin kilomita 50 ne, ta Narbal da Magam zuwa Tangmarg. Sojoji ko'ina: a kan gada, a bakin kasuwa, a bayan buhunan yashi, wasu a tsaye cikin gonakin tuffa da sanyi ya kaɗe wa ganye. Layin da ya raba Kashmir ɗin Indiya da na Pakistan ba shi da nisa da Gulmarg, kuma makarantar koyar da yaƙin kan tsaunuka ta sojan Indiya a garin take. Wanda ya saba da shingayen hanyar Kaduna zuwa Kano ba zai ji baƙunta ba, sai dai salon ya bambanta. A nan ba a doguwar gaisuwa, ba a raha, ba a tambayar abin da ka kawo wa yara. A duba fasfo, a rubuta lamba a littafi, a leƙa doguwar jakar da ke kan rufin mota, a ɗaga maka hannu. Abin da ke cin lokaci shi ne ayarin motocin soja: idan zai wuce, kowa tsayawa yake a gefen titi har ta ƙarshe ta shige, kuma direbanmu ko tsaki bai yi ba, ya kashe mota ya ciro ƙaramin kaskon wutarsa daga cikin riga yana gyara garwashi.

A Tangmarg ake sauya mota. Kilomita 13 ɗin da suka rage hawa ne mai lanƙwasa cikin dajin itatuwan fir, kuma idan dusa ta zuba ba a barin mota ta hau sai mai jan ƙafa huɗu ko wadda aka ɗaura wa sarƙa a taya. Nan masu ba da hayar dogayen riguna da takalman roba suke yi wa baƙi caa, suna rantsuwa cewa ba za a bar ka ka hau ba sai da kayansu. Ba gaskiya ba ne. Kuɗin mota a tsayar da shi kafin a ɗora kaya, a kuma fayyace ko na mota ɗungurungum ne ko na kujera.

Gulmarg fili ne a tsayin mita 2,650, otal-otal sun kewaye shi. Masaukinmu na katako ne, a tsakiyar ɗakin akwai bukhari, murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi da ake cusa wa itace. Wuta tana ɗaukewa, famfo yana daskarewa da asuba, ruwan alwala sai an ɗumama a bokiti. Mutanen gari suna sa pheran, wata burmemiyar riga ta ulu, a ƙarƙashinta su rungume kangri, kaskon yumɓu cikin saƙar kwando cike da garwashi. Murhun nan yana da haɗari ga kayan zamiya: cikin takalmi ana zaro shi a shanya nesa da wuta, don zafi yana sauya masa siffa, fatar hawa ma, wadda ake mannawa a gindin allo don kada ya zame baya wajen hawa, idan ta matsa kusa, gam ɗinta narkewa yake ya bi gindin allo.

Wanda ya taso daga Kano ko Abuja, inda tsayin ƙasa bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, kada ya hau ƙololuwa a ranar farko. Ciwon kai da haki da rashin barci su ne alamun farko. Mai jinin AS kuwa ya ga likita tun a gida, domin aikin ƙarfi a irin wannan tsayi yana iya taɓa saifa, kuma mutanenmu da yawa ba su san da haka ba.

A ɗakin ajiye alluna na masaukin ne mutum zai ga duniya ta taru. 'Yan Rasha, 'yan Ostireliya, 'yan Foland, Faransawa, kowa ya jingina nasa a bango. A jikin kowane allo akwai lambobi uku, misali 140-112-130: faɗin hanci, faɗin ƙugu, faɗin wutsiya, duk da milimita. Ta tsakiyar ita ake nufi idan an ce allo kaza ne. Na tseren kan hanyar da aka daddaɓe yana tsakanin 65 da 80. Na ko'ina-da-ko'ina 85 zuwa 100. Daga 100 zuwa 112 nan ne allunan manyan duwatsu suke, abin da ya haura 115 kuma na zurfafan dusa ne zalla. Kusa da waɗannan akwai wata lamba da mita, 17 ko 20 ko 24, wato rabin faɗin da'irar da allon zai zana idan aka kwantar da shi a kan kaifinsa. Sai abin da ba a rubutawa da lamba, wanda kuma ya fi ƙugu tasiri: siffar allon idan aka haɗa gindin biyun aka duba ta gefe. Idan tsakiyarsu ta buɗe, hanci da wutsiya suka haɗu, allon mai doro ne, shi ke cizon ƙanƙara. Idan hancin ya fara rabuwa tun daga nesa kamar gaban kwalekwale, to mai ɗagaggen hanci ne, shi ke hawa saman dusa. Wannan dabara ba tsohuwa ba ce. Shane McConkey ne ya ɗauko ta daga allunan zamiyar ruwa, kamfanin Volant ya fitar da Spatula a 2002, mutane suka yi ta dariya, yau kuma da wuya ka ga allo mai faɗi da ba shi da ɗagin hanci. Nawa yana da ɗagi a gaba, doro a ƙarƙashin ƙafa, wutsiya kusan a miƙe. Na abokina ɗagi gaba da baya, doron kaɗan ne.

Dusa ta kwana tana zuba. Guguwar da ke kawo ta daga yamma take tasowa, ta bugi tsaunukan Pir Panjal ta juye kayanta, kuma ba kowace shekara take cika alkawari ba: a Janairun 2024 Gulmarg ƙasa ce tsirara. Mu dai mun tashi mun tarar da motoci sun nutse. Gondolar garin, wato ƙananan ɗakunan da ke rataye a igiyar ƙarfe suna kai mutane kan dutse, wadda kamfanin Poma na Faransa ya haɗa, hawa biyu ce. Na farko yana kai wa Kongdoori, sama da mita 3,000 kaɗan, na biyu wanda aka buɗe a 2005 yana kai wa kafaɗar Apharwat, kusan mita 4,000. Lokacin da muka je, tikitin hawa ɗaya kusan rupi 800 ne na farko, kusan 1,000 na biyu, akwai kuma na yini ga masu zamiya. Bayan irin wannan zubar ba a buɗe na biyu sai masu sintirin dutsen sun tayar da dusar da ke rataye da nakiya, wani lokaci a yi kwanaki ana jira. Don haka jagoranmu, ɗan Tangmarg, ya kai mu dajin da ke gangarawa zuwa hubbaren Baba Reshi, waliyyin ƙarni na 15 da mutanen yankin ke ziyarta.

Wannan rana ta mai 120 ce, ba gardama. Sabuwar dusa mai sanyi kusan duk iska ce, ruwan da ke cikinta bai fi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, kuma dajin ba shi da gangara sosai, ga itatuwa kusa da kusa, saboda haka ba a samun gudun da zai ɗaga mutum. Direbobin hanyar Agadas sun san wannan lissafi: idan za su shiga yashi sai su rage iskar taya don ta baje, nauyin mota ya rabu a kan fili mai yawa. Haka allo yake. Tsakanin mai ƙugu 88 da mai 112 masu tsawo ɗaya, bambancin filin gindi ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar, sannan ɗagin hanci ya ƙara nasa. Abokina yana tsaye a tsakiyar allonsa yana juya shi kamar ba komai, wutsiyar mai ɗagi tana sakin dusa duk lokacin da ya so. Mai 108 yana tafiya, amma yana neman ɗan gudu kafin ya taso. Wani ɗan Rasha da ya biyo mu da allo mai ƙugu 96 mai tauri shi ya ji jiki: hancin yana nutsewa, sai ya koma baya ya zauna a kan wutsiya don ya ɗaga shi, cinyoyinsa suka ƙone kafin rabin hanya, kuma mai zaune a baya ba ya iya juyawa da sauri idan itace ya tare shi. Sau ɗaya allonsa ya cire ya shige ƙarƙashin dusa, muka yi ta tono. Dogon ƙyalle mai launi da ake ɗaurawa a maɗauri a cusa cikin ƙafar wando shi ne maganin wannan. Sanduna ma suna son faifai mai faɗi, kamar milimita 90 zuwa 100, in ba haka ba ka dogara sandar ta nutse har hannu.

A ƙasa muka sha kahwa, shayin da ake dafawa da zafaran da kirfa da almon, muka shiga motar da ke jiranmu ta mayar da mu sama. Abincin Kashmir ba ya ba Musulmi wahala. Rogan josh, naman rago cikin jan romo. Gushtaba, curin naman da aka daka har ya yi laushi aka dafa cikin kindirmo. Haakh, ganye da shinkafa. Da safe kuma shayin gishiri mai launin hoda da gurasar girda. A rumfunan Kongdoori kuwa abin da kowa ke ci shi ne taliyar Maggi da ƙwai, ita ce Indomie ɗinsu.

Ranar da aka buɗe hawa na biyu labari ya juya. Sama ta washe, har Nanga Parbat mai mita 8,126 ana hangowa can cikin Pakistan. Amma iska ta riga mu zuwa. A kan tudun ta share dusar ta bar ƙanƙara mai tsagi-tsagi da kawunan duwatsu, a bayan tudun kuma ta tara ta ta daddaɓe. Kafin a kai ga kwarin da ake so sai an ratsa gefen dutse a kan wannan ƙanƙarar, gangara a ƙarƙashinka. A nan allo mai faɗi yake nuna aibinsa. Kaifinsa ya yi nesa da tsakiyar ƙafa, don haka kafin ka kwantar da shi ya ciji ƙanƙara sai ka karkata sosai, kuma ƙasa tana ta ƙoƙarin mayar da shi kwance, nauyin yana sauka a gwiwa da idon sawu. Ɗagin gaba da baya kuma ya rage tsawon kaifin da ke taɓa ƙasa, allo mai santimita 186 ya koma aiki kamar gajere. Na abokina hancinsa karkarwa yake yi yana zamewa gefe. Nawa, mai doro da fallen titanal a ciki, wato wani haɗin alminiyam da ke shanye girgiza, ya kama ya zauna.

Jagoran ya tsayar da mu a bakin kwari ya gwada na'urar kowa ɗaya bayan ɗaya. Duk na'urorin neman wanda dusa ta binne a kan zango ɗaya suke magana, kilohaz 457, kowane kamfani ya ƙera su. Tare da ita dole akwai shebur na ƙarfe da sandar lalube mai tsawon santimita 240 ko fiye. Abin da masu sintiri ke kula da shi ɗan yanki ne kusa da gondola, sauran dutsen kowa da kansa. Yawancin zaftarewar dusa tana tashi ne a gangara mai digiri 30 zuwa 45, daidai wadda ta fi daɗin zamiya, kuma wanda aka tono cikin minti 15 na farko shi ke da kyakkyawan zaton rayuwa. A farkon Fabrairun 2023 'yan Foland biyu suka mutu a nan, a Fabrairun 2024 kuma wani ɗan Rasha. Jagoran ya nuna allon abokina da sanda ya ce, “Ɗan'uwa, irin wannan ne ke kai wanda bai iya ba inda da can sai gwanaye. Allon zai ɗauke ka, amma ba ya karanta dusa.” Daga nan muka sauka ɗaya-ɗaya, kowa sai na gaba ya kai mafaka.

A cikin buɗaɗɗen kwari, inda ake sakin gudu, abin da ake bukata shi ne tsawo da nauyi da wutsiya mai ƙarfi. Da gudu ko mai 100 yana tasowa, don haka faɗi ya daina zama abin damuwa. Damuwar ita ce dusa tana sauya hali a kowane mita ɗari: laushi, sai ɓawon da iska ta yi, sai sawun waɗanda suka riga ka. Allo mai da'irar mita 20 zuwa 24 yana bi ta cikinsu a miƙe. Mai gajeriyar da'ira da faffaɗan hanci kuwa ɓawon yana kama hancin ya fizge shi gefe, shi ya sa masu ƙera alluna suke janye wurin da ya fi faɗi baya kaɗan daga ƙarshen hanci. Game da tsawo, mai ɗagi ana ɗaukarsa daidai tsayin mutum ko a ƙara santimita 5 zuwa 10. Masu rage tsawo don tsoro su ne hancinsu ke nutsewa.

Hanyar Drung ita ta raba gardamar, a ganina. Ana manna fatar hawa a ɗan hau daga tashar sama, sannan a gangara fiye da mita 1,500 har ƙauyen da ke da daskararren magangarin ruwa kusa da Tangmarg. Hawa yana tona asirin nauyi: allo ɗaya mai ƙarfe yana kai gram 2,200, na hawa zalla wajen 1,500, kuma a mita 4,000 kowane gram ana jinsa a huhu. Sai dai mara nauyin shi ne ɓawo ke wasa da shi a gangara. Tsakanin 1,800 da 2,000 nan ne sulhu. Fatar a yanka ta yadda za ta rufe gindi ta bar kaifin ƙarfe a waje, kamar milimita 2 kowane gefe. Idan ta yi siriri a kan allo mai faɗi, baya za ka riƙa zamewa. Maɗauri kuma irin Salomon Shift ko Marker Duke PT, masu sakin dunduniya wajen hawa su kulle kamar na gangara wajen sauka, su suka dace, amma sai takalmin yana da ramukan ƙarfe a gaba. A sauka ɗaya muka taka ƙanƙara, da dusa mai laushi, da ɓawo, da dusa mai nauyi da rana ta jiƙa, sannan 'yar siririyar hanyar daji da sawu ya mayar kamar siminti. Mai 120 ya ji daɗin kashi ɗaya cikin waɗannan, sauran kuwa haƙuri ya yi ta yi, ya iso yana dafe gwiwa. Wanda zai ɗauki allo ɗaya tak zuwa babban dutse, ya nemi 104 zuwa 112, mai ɗagin hanci da doro a ƙarƙashin ƙafa, irin su Völkl Katana 108 ko Blizzard Rustler 11 idan yana da nauyi da son gudu. Mara nauyin jiki ya tsaya ƙasa-ƙasan wannan zango, don kilo 60 ba ya bukatar filin da kilo 90 ke bukata. Irin Atomic Bent 120 allo na biyu ne, na ranar da sama ta buɗe baki. Jagororin garin da ke kan dutsen kullum ma yawancinsu a tsakiyar nan suke.

Da yamma muka kai alluna wurin mai gyara, saboda dutsen da ke ɓoye ƙarƙashin dusa ya yage gindin nawa har ya kusa katako. Ya share ramin, ya narka robar P-tex ya cike, ya kankare, ya bi da kaki na sanyi da dutsen guga. A bencinsa akwai allon wani baƙo mai ƙugu 116 da aka sa wa birki 100 aka tanƙwara da ƙarfi, yana kartar gefe ba ya sauka. Ƙa'idar ita ce birki ya yi daidai da ƙugu ko ya fi shi da abin da bai wuce milimita 15 ba. In ya fi haka yana jan dusa idan an karkata, ko ya sarƙe da ɗan'uwansa. Wurin ɗaura maɗauri ma yana da layi a jikin allo. Matsar da shi gaba yana sauƙaƙa juyi amma hanci ya gajarta, mayar da shi baya yana ƙara tasowa amma juyin ya yi nauyi, kuma duk ramin da aka huda ya hudu ke nan. Lambar DIN, wadda ke ƙayyade ƙarfin da zai sa maɗauri ya saki takalmi, ana fitar da ita ne daga nauyi da tsayi da shekaru da tsawon tafin takalmi da salon mutum. Masu ƙara ta da sukundireba a kan dutse don allo ya daina cirewa, yawanci dusar da ta daskare a tafin takalmi ce matsalarsu, kuma jijiyar gwiwa ce ke biyan kuɗin.

Kayan haya akwai su a Gulmarg, amma masu faɗin kirki ba su da yawa kuma da wuri ake kwashe su idan dusa ta zubo. Kuɗi a riƙe tsaba, domin na'urar cirar kuɗi da intanet ba abin dogaro ba ne a can sama, kuma motar da za ta ɗauko ku daga Drung ko Baba Reshi kullum kuɗinta daban da na jagora.

A hanyar dawowa mun kwana Srinagar, muka yi Juma'a a Hazratbal a bakin tafkin Dal, da asuba kuma muka shiga tsohon gari cin harissa, naman rago da ake kwana ana tuƙawa har ya narke, wanda sai lokacin sanyi ake yinsa kuma kafin hantsi ya ƙare. Filin jirgin Srinagar a je shi da awa uku a hannu. Tun daga ƙofar waje ake sauke kaya a saka su a na'ura, a sake yi a bakin gini, a sake laluben mutum kafin jirgi. Batiran na'urar neman mutum a cire su a sa a jakar hannu, shebur da sandar lalube kuwa su bi alluna cikin babbar jaka, don ba za a bar su su shiga cikin jirgi ba.